Tafi Guda na Gurjiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar labarina. Wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Safara'u, 'yar Malam Sule. Gidanmu ne na ƙarshe a wani ɗan ƙauye kusa da Zakirai, inda gona ke kama gona har baƙo ya rasa iyakar kowa. In ka shigo garinmu ka ce kana neman Safara'u, za a tambaye ka wacce. In ka ce Safara'u Barkono kuwa, kowa zai nuna maka ƙofarmu. Ba ni na raɗa wa kaina sunan ba, amma ban taɓa kai ƙara ba, don na san inda na samo shi. Ni dai Allah ya yi ni da baki. Kafin a ce min ɗaya na mayar da goma, in na fara kuma ko ni kaina ba na jin abin da nake faɗa.

A haka na girma, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba sai da Kamaruddeen ya shigo rayuwata.

Malamin firamare ne, ɗan cikin garin Zakirai. Dogo ne baƙi, hularsa kullum a ɗan karkace, irin mutanen nan da in ka taka su su ne za su ba ka haƙuri. Duk Juma'a bayan la'asar zan ji tsayawar babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, in zura hijabina ruwan toka, in ɗan shafa turare a wuyan hannu, mu zauna a dakalin zaure. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Ina son yadda yake barina in zuba surutu har in gaji, sannan ya yi murmushi ya ce, "To, an gama labarun duniya?"

Da zancen ya yi tsawo, Baba ya kira shi ya ce ya turo magabatansa. Ya amsa da ladabi, ya ce ƙanin mahaifinsa, Baffa Nababa, shi zai jagoranci zuwan. Daga nan sai shiru. Sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa, Baffa Nababa ko ƙeyarsa ba mu gani ba.

Wata Laraba da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, wayata ta yi ƙara. Saƙon Kamaruddeen ne.

"Barka da hantsi, ranki ya daɗe."

"Barka kadai. Yau ba aji ne?"

"An fita tara. Akwai maganar da nake ta juyawa a raina, na rasa ta inda zan fara."

"Fara ta ko'ina."

"Umma ta ce a dakata da turowar."

Na karanta, na sake karantawa. "Saboda me?"

"An kai mata labarin faɗan da kika yi a bakin burtsatse. Ta ce ba za ta kawo wa kanta fitina gida ba. Don Allah kar ranki ya ɓaci, ina lallaɓa ta."

Kar raina ya ɓaci! Jama'a, matar nan ta burtsatse fa ita ta tsallake layi ta ture min jarka, ni kuma na wanke ta tas a gaban kowa. Shi ne aka ɗauka a baki har Zakirai? Nan take na danna wajen saƙon murya na fara. Na ce a tambayi Umma ko tana wajen. Na ce masu kai gulma Allah ya isa. Na ce in ana neman wadda za a ture wa jarka ta yi godiya, to a je kasuwa a sayo. Ina huci, yatsana na kan turawa, sai na ji murya a bayana.

"Tura mana, ƙawata. Tura ki tabbatar mata ba a yi miki ƙarya ba."

Iya Fanta ce, kakata, mahaifiyar Baba, tana tsaye riƙe da buta. Ko dariya ba ta yi ba. Na dubi wayar, na dube ta. Na goge.

Rana ba ta faɗi ba sai da maganar ta kai kunnen Baba, don a gidanmu Inna ba ta iya riƙe abu. Yana dawowa daga masallaci ya tsaya a bakin rumbu ya kira ni.

"Ni ba na tilasta wa kowa," in ji shi. "Amma ba zan bar mutum yana ɗumama min dakali ba ranar tashi. Daga nan zuwa kaka. In aka kai amfani gida mutanensa ba su zo ba, kada in ƙara ganin babur ɗin nan a ƙofata."

Inna ta karɓe daga madafi. "Sau nawa na gaya miki bakin nan zai ja miki? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina rabon faɗa gida gida."

Amsa ta zo min har leɓe. Na haɗiye ta da ƙyar, na shige ɗakin Iya na faɗa kan gadonta ina kuka. Tsoro ne ya kama ni, tsoron gaske, don na san Baba in ya faɗi magana ba ya komawa.

Iya ta bar ni na yi mai isata. Ɗakinta ƙamshin daddawa da man zafi yake yi, a ƙarƙashin gado kuma babu irin da babu. Ta sunkuya ta jawo wani ɗan buhu, ta sauko da wata ƙaramar ƙwarya mai ɗinki a gefe, ta dire a gabana.

"Kina so ki canza, ko so kike a ce kin canza?"

"Ina so in canza, Iya."

"To ba da baki ake yi ba, don naki bakin ya yi aiki ya gaji. Ga gurjiya, irin shuka ce. Duk ranar da aka kira magariba ba ki ɗaga wa kowa murya ba, ki zo ki ɗebi abin da yatsunki uku suka kama ki zuba a ƙwaryar nan. Ranar da kika ɓalle kuwa, ki ɗebi tafi guda daga ciki, ki kai wa wanda kika yi wa faɗan har inda yake, ki zuba masa a hannu."

"Ko da shi ne da laifi?"

"Ba alƙalanci na ɗora ki ba. In ruwa ya zauna, abin da ya rage a ƙwaryar shi za ki shuka. Kowa ya ga gonarki ya ga halinki."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Allah sarki ni!

Ina da ƙanwa, Fauziyya, wadda ke bi na. Tun da ta ji ƙa'idar nan ta samu sana'a. In na wanke mayafina na shanya, sai in gan shi a kanta za ta islamiyya. In na sa wayata caji a ɗan solar ɗinmu, ta zare ta sa fitila. Ni kuma sai na gama zazzaga mata, in ga ta miƙo tafin hannu tana murmushi, "Yaya, a cika min, kar a yi ƙwange." Ta dafa abarta da gishiri ta zauna a gabana tana ci. Wallahi a watan farko har kumatu yarinyar nan ta yi.

Na Fauziyya ma da sauƙi. Ranar da na sake haɗuwa da matar nan ta burtsatse, ta yi min habaici na kasa daurewa, ranar na san Iya muguwa ce. Da yamma ta tsaya a kaina sai da na yafa mayafi, na ɗebi gurjiya, na ratsa garin nan har gidan matar. Na yi sallama, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Gwaggo, miƙo hannunki." Ta miƙo tana kallona kamar na zautu. Da na yi mata bayani, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta jawo min kujera ta dama min fura. Kafin gari ya waye labarin ƙwaryata ya zagaye ƙauyen.

Tun daga ranar na fara neman dabara. Na lura faɗana ya fi yawa da safe kafin in karya, sai na daina fita ɗiban ruwa da yunwa. Na lura in ina tsaye bakina ya fi kaifi, sai in nemi wuri in zauna in yi a'uziyya. Na kuma ƙulle ƙwarar gurjiya ɗaya a bakin mayafina. Da na ji abin ya taso min, sai in jefa ta a baki in danne da harshe. Ku gwada yin masifa da ɗanyar gurjiya a baki ku gani.

Ba na ƙirgawa, Iya ta hana. Girgiza ƙwaryar nake yi in saurara. Da farko ƙwal-ƙwal take yi, abin tausayi. A hankali sautin ya fara kauri. Duk sati sai in ɗauki sautin a waya in tura wa Kamaruddeen, ba na ƙara ko kalma.

Wata rana ya amso, "Wannan satin an yi asara ko?"

"Fauziyya ce ta ƙona min gefen atamfata da dutsen guga."

"Allah ya mayar da alheri. Atamfar nake nufi, da gurjiyar."

Wani satin kuma ya rubuto, "Na saurara har sau ba adadi. Ni sautin aurena nake ji."

Na kifa wayar a cinya ina murmushi ni kaɗai, har Inna ta tambaya ko lafiya.

Da ruwa ya zauna, ƙwaryar ta kusa cika. Baba da kansa ya ɗauki garma ya yi min kunyoyi a ɗan filin bayan gida, wanda ya yi iyaka da dangar gidan Malam Sha'aban. Na shuka da hannuna. Ta fito kore shar, ta baje ganye, na yi mata noma na tara mata ƙasa a gindi. Masu wucewa gona sai su tsaya su ce, "A'a, Barkono, duk wannan haƙurin naki ne?" Na ci gaba da tara sabuwa a ƙwarya, amma raina yana kan ta bayan gida. Na riga na ƙudurta: ranar da na tone ta, zan dafa ta farko, in zuba a sabon kwanon samira, in ba Kamaruddeen ya kai wa Umma. Ban taɓa ganin matar ba, don ya ce ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta, amma na ce in ba ta ji ta bakina ba, ta ji ta bakin gurjiya.

Har yanzu dai ba ta sauko ba. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi ciki, kaka tana matsowa, Inna kuma kullum da sabon sunan wadda aka sa wa rana.

To, shekaranjiya da hantsi na zagaya bayan gida da 'yar fartanyata, sanye da tsohuwar atamfata mai ganye da ɗankwalin da bai dace da ita ba. Ina shan kwana na tsaya cak.

Awaki. Wata jar akuya mai ciki da manyan 'ya'yanta a tsakiyar gonata, sun baje suna ci hankali kwance. Kunyoyin da ke gefen danga sun zama ƙasa, sauran an tattake, wasu an tuge su har saiwa, ga 'ya'yan gurjiyar farare ƙanana a waje, ko ƙwari ba su yi ba.

Ku da ba ku zauna a ƙauye ba, bari in gaya muku. A wajenmu da zarar an yi shuka mai unguwa yake sa a yi shela, kowa ya ɗaure dabbarsa a turke sai an kai amfani gida. Yaron goye ma ya san wannan. Wanda ya saki akuya da damina, ko a gaban wa aka je shi ne da laifi.

Na kori 'ya'yan, na kama uwar na ɗaure a jikin zogale da guntuwar igiyar da ke wuyanta. Sai ga wata mata ta ɓullo ta ƙofar dangar Malam Sha'aban, dattijuwa, gajera mai jiki, cikin leshi ruwan zuma da babban mayafi, awarwaro na ƙara a hannunta. Da gani ka san ba 'yar garinmu ba ce.

"Ke! Ke yarinya! Wa ya ce ki ɗaure min akuya? Ba ki ga ciki gare ta ba? In ta yi ɓari ke za ki biya ni? 'Yan mintoci na ce a sake su su miƙe ƙafa, shi ne za ki shaƙe min dabba a kan ɗan ganyen da bai taka kara ya karya ba? Yaran yanzu ba tausayi, ba tarbiyya!"

Ɗan ganye.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Maganganu suka yi layi a maƙogwarona, kowacce na cewa ni ce farko. Ina da gaskiya, ga ta a fili. Da na buɗe baki, wallahi sai matar nan ta manta hanyar garinsu. Na tuna doguwar tafiyar da na yi zuwa gidan matar burtsatse, na tuna kowace magariba da na durƙusa gaban ƙwaryar Iya. Shukar dai ta riga ta tafi. Na ce a raina, in na biye mata, me ya rage min ke nan?

Na zauna daɓas a kan kunya. Na kwance bakin mayafi, na jefa gurjiyata a baki na danne. Ita kuwa tana ta yi. Sai da ta tsaya jan numfashi na tashi, na kwance akuyar, na miƙa mata igiyar da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Mama. Ga ta nan, ba abin da ya same ta. A dai riƙa ɗaure su, akwai gonakin mutane a gaba."

Ta fizgi igiyar tana ƙunƙuni ta juya. Ni kuma na durƙusa ina mayar da waɗanda aka tuge cikin ƙasa, alhali na san ba za su kama ba, hawaye na ɗiga a bayan hannuna.

Na koma gida na shige ɗakin Iya. Na ce, "Iya, shi ke nan. Babu abin da zan aika wa Umma. Wahalar banza na yi."

"Kin yi mata faɗa?"

"A'a."

"To in an kira magariba ki zo ki zuba rabonki," ta ce, ta ci gaba da kaɗa zarenta.

Ko Kamaruddeen ban iya gaya wa ba. Fauziyya da kanta ta kawo min ruwa, ta zauna kusa da ni shiru, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan la'asar ina kwance na ji sallama a tsakar gida, na ji Inna na cewa maraba, maraba, tana shimfiɗa sabuwar tabarma. Can ta ƙwala min kira. Na fito ido a kumbure. Matar Malam Sha'aban ce zaune, a gefenta ga mai leshi ruwan zuma. Na ce ƙara aka kawo.

Matar Malam Sha'aban ta ce wa Inna, "Hajiya Ummu Salma ce, daga Zakirai. Awakinta ne a wajena nake mata kiwo, yau ta zo duba su. Mahaifiyar malamin nan ce mai zuwa da babur."

Na durƙushe a inda nake, na ja mayafi na rufe fuska. Da tsohuwar atamfa ta gan ni! Da ɗankwalin da bai dace ba!

"Matso nan, 'yar nan," in ji Hajiya. Muryarta ta sauka, kamar ba ita ba.

Na matsa da gwiwa.

"An ba ni labarin gonar da awakina suka ci. An kuma ce min a gidan nan, wanda ya ɗaga murya shi yake kai gurjiya." Ta kwance wani ƙulli a gefen mayafinta. "Miƙo hannunki."

Na haɗa tafukana biyu. Ta zuba, ta zuba, har tana zubewa a kan tabarma. Ashe a gidan Malam Sha'aban ta sa aka auno mata.

"Ni ma ina budurwa Attaruhu ake ce min," ta ce, tana kallon Inna. "Har yau kuma ban daina ba, ga shaida an gani. Abin da na guje wa yaron nan ke nan, kada ya tashi a hannun mai baki ya ƙare a hannun mai baki." Ta juya wajen Iya Fanta da ke bakin ƙofarta. "Iya, in akwai sauran ƙwarya, a taimaka min da ɗaya."

Iya ta ce, "Akwai. Sai dai taki babba za a nemo."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har da Hajiyar. Ba ta daɗe ba ta miƙe, ta ce a gaida Malam, ta dafa kaina ta wuce. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Ina nan durƙushe wayata ta yi ƙara a kan turmi. Hannuwana biyu a cike, na kasa saukewa. Fauziyya ta yi wuf ta ɗauka, ta karanta da ƙarfi a gaban su Inna, marar kunya.

"Wai in ji shi: Safara'u, Umma ta kira ni yanzu ta ce in je gidan Baffa Nababa in jira ta, kada in motsa. Ba ta faɗi dalili ba, muryarta kuma wata iri. Me ya faru a garinku?" Ta ɗago tana washe baki. "Yaya, me zan ce masa?"

Inna ta dube ni. Iya ta dube ni. Ni kuwa, Safara'u Barkono, na buɗe baki na nemi abin faɗa na rasa.